Yadda zaka bi kalmar mugunta har zuwa asalinta a Ibrananci da Helenanci

Duk mai karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa ya saba da mugu, mugunta, mugaye, suna nan kusan kowane shafi tun daga Farawa har Wahayi. Matsalar ita ce kalmar tamu guda ɗaya an ɗora mata kaya da yawa, domin Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi (sai ɗan wani ɓangare na Daniyel da Ezra da yake Aramiyanci), Sabon Alkawari kuma da Helenanci wato yaren Girka, kuma kowanne cikin yarukan nan yana da kalmomi da dama da mai fassara zai iya juyawa ya ce mugunta. Wani wurin maganar mai laifi ake a gaban alƙali, wani wurin maganar rowa ce, wani wurin ma babu laifin kowa, masifa ce ta sauka ko ruwan sha ne ya lalace. In baka duba ba sai ka sa wa aya abinda bata faɗa ba, in kuma kana koyar da mutane ne toh ka ga abin ya wuce kai kaɗai. Dubawar kuma ba sai ka je makarantar tauhidi ba, ga yadda ake yi.

Kayan aikin basu da yawa. Baibul ɗinka na Hausa, waya mai ɗan data, sai littafin rubutu da biro, kuma dan Allah kada ka raina wannan na ƙarshen domin shi zai riƙe maka abinda ka gani. A wayar abinda kake nema shi ne lambobin Strong. Wani malami ɗan Amurka mai suna James Strong ne ya fitar da aikin a 1890, ya bi fassarar Turanci ta King James kalma bayan kalma, ya ba kowace kalmar asali lamba, na Ibrananci daga 1 zuwa 8674, na Helenanci daga 1 zuwa 5624, shi yasa zaka ga ana sa H a gaban wasu, G a gaban wasu. Amfanin lambar shi ne ko baka iya karanta harafi ɗaya na Ibrananci ba zaka gane cewa kalmar da ke wannan ayar ita ce dai ta sake fitowa a waccan. Blue Letter Bible, Bible Hub da STEP Bible duk suna da lambobin kyauta. Ka samo ayarka da Hausa, ka buɗe ta a ɗaya daga cikinsu, ka nemi wurin da aka rubuta Interlinear, zai jero maka kalmomin asali ɗaya bayan ɗaya, ka nemo wadda ta tsaya a madadin mugunta ka taɓa lambarta. Abu biyu zasu fito, bayanin ƙamus a sama, sai jerin duk ayoyin da kalmar ta fito a ƙasa. Yawanci saman ake karantawa a rufe. Ni shawarata ka gangara ƙasa tukuna ka karanta ayoyi ko da goma ne ko goma sha biyar, kana rubuta abu uku a kowace: waye ko menene aka kira da kalmar, me ya yi, kuma wace kalma aka sa kishiyarta. Wannan na ukun ya fi komai taimako, zaka gani nan gaba.

Fara da ra, H7451, ita ce babbar jakar Ibrananci, wani lokaci zaka gan ta a siffar ra'a. Ita ce a itacen sanin nagarta da mugunta a Farawa 2:9, ita ce a Farawa 6:5 inda aka ce tunanin zuciyar mutum mugu ne kullum. Amma kuma ita ce dai aka yi amfani da ita wa shanu bakwai ɗin nan ramammu marasa kyan gani da Fir'auna ya gani a mafarki a Farawa 41, da ɓauren da ya lalace baya ciyuwa a Irmiya 24, da ruwan Yariko da mutanen garin suka kawo wa Elisha kukansa a 2 Sarakuna 2:19, har da fuskar Nehemiya da sarki ya ga ta ɓaci ya tambaye shi ko lafiya. Saniya bata yi zunubi ba, ɓaure bai yi tawaye ba. Ra na nufin abinda ba shi da kyau ta kowace fuska, ko hali ne, ko kaya, ko yanayi, ko abinda ya faɗa wa mutum.

In kana so ka ga wannan da idonka, ɗauki littafin Yunusa, sura 4 ne kacal aya 48, zaka gama a zama ɗaya. Ka sa alama duk inda H7451 ta fito. A 1:2 Allah ya ce muguntar Nineba ta hau zuwa gabansa, nan hali ne, laifin mutane. A 1:7 ma'aikatan jirgi suna cikin hadari teku na neman haɗiye su, suka ce a zo a jefa ƙuri'a a ga saboda wa wannan ra'a ta same mu, nan masifa ce. Sai 3:10 da ta haɗa biyun a aya guda, mutanen Nineba sun juyo daga hanyarsu ta ra'a, Allah kuma ya janye ra'a da ya ce zai aukar musu, wato sun bar mugunta shi kuma ya fasa hallaka. Kana shiga 4:1 sai ka ga abin ya zama wa Yunusa ra'a babba, wato ransa ya ɓaci ƙwarai saboda an yafe wa gari guda, sannan a 4:6 Allah ya tsiro da wani tsiro ya yi masa inuwa don ya cece shi daga ra'a ɗinsa, a zahiri zafin rana ake nufi amma mai karatu da ya biyo kalmar tun daga farko dole ya tsaya ya ce anya zafin rana ne kawai ke damun mutumin nan? Da gangan marubucin ya riƙa jujjuya kalma ɗaya, kuma babu fassarar da zata iya riƙe wannan gaba ɗaya, dole ta ce mugunta a nan, masifa a can, baƙin ciki a gaba. Ba laifin masu fassara bane, haka yare yake.

Wannan darasin zai warware maka ayar da take tayar wa mutane da hankali, Ishaya 45:7, inda Allah ya ce shi ne mai yin haske da halittar duhu, mai yin salama da halittar ra. An sha kawo ta a ce ai ga shi nan Allah da bakinsa ya ce shi ya halicci mugunta. Duba kishiyar. Haske da duhu, sai shalom da ra. Shalom lafiya ce, zaman lafiya, wadata, kishiyarta kuwa bala'i ne, da adalci da mugunta ake gwamawa da wasu kalmomi aka sa. Ka kuma koma farkon surar, maganar Sairus sarkin Farisa ake, wanda ya ci Babila a 539 kafin haihuwar Almasihu, tashin daula ne da faɗuwar daula. Amos 3:6 ma haka, ra'a da ta afka wa birni. Ayoyin suna da nauyinsu, suna cewa masifa bata wuce ikon Allah ba kuma wannan ba ƙaramar magana bace, amma basa cewa shi mai aikata mugun hali ne.

Yanzu ga wadda nake so ka daɗe a kanta, rasha, H7563, jam'inta resha'im. Ta fito fiye da sau 250, mafi yawa a Zabura da Karin Magana, kuma in ka ga mugu a gefe ɗaya adali a ɗaya gefen toh kusan kullum ita ce. Kishiyarta tsaddik, wato adali. Ba'a kiran ruwa ko saniya rasha, ta mutum ce, kuma gidanta kotu. Buɗe Maimaitawar Shari'a 25:1, mutum biyu sun yi rikici sun zo gaban alƙalai, aka ce alƙalan su wanke tsaddik su kama rasha da laifi, wato mai gaskiya da marar gaskiya a wannan shari'ar. Fitowa 2:13 ta fi nuna shi kusa, Musa ya fita ya tarar da Ibraniyawa biyu suna faɗa, sai ya ce wa rasha ɗin don me kake dukan ɗan'uwanka. Ba wai Musa ya san tarihin mutumin bane ko ya leƙa zuciyarsa, abinda ya gani kawai shi ne a wannan faɗan wannan ne mai cin zali. Shi kansa Fir'auna bayan ƙanƙara ta yi musu ɓarna a Fitowa 9:27 da harshen kotu ya yi magana, ya ce Ubangiji ne tsaddik, ni da mutanena mu ne resha'im, wato shi ke da gaskiya mu ke da laifi.

Toh sai ka ɗauki biro ka bi jerin ayoyin kana rubuta me rasha yake yi, nan ne zaka sha mamaki. Zabura 37:21, yana cin bashi baya biya. Karin Magana 17:23, yana karɓar cin hanci a ɓoye don a karkatar da shari'a. Karin Magana 29:7, adali ya damu da haƙƙin matalauci shi kuwa ko a jikinsa. Karin Magana 12:10, adali yana kula da ran dabbarsa, shi kuwa ko tausayinsa ma ƙeta ne. Mika 6:11 tana maganar ma'aunin resha, wato muguntar rasha, sikelin da aka yi wa coge da duwatsun awo na algus. Zabura 10 ta zana shi sosai, yana farautar matalauci, yana laɓe kamar zaki, yana cewa a zuciyarsa Allah ya manta, ba zai taɓa gani ba. Gaskiya wannan ne ya sa nake ganin aikin nan ya cancanci wahalarsa, domin mu in mun ji mugu hankalinmu kan tafi can nesa wurin mai kisan kai ko matsafi, wani wanda ba mu ba, amma rasha na Zabura da Karin Magana yana da sana'a, yana da maƙwabta, ana gaisawa da shi, abinda ya sa shi a wannan layin shi ne yadda yake yi da haƙƙin mutane yana kuma ganin babu mai tambayarsa. Ka riƙe Ezekiyel 33:11 tare da wannan, inda Allah ya rantse da ransa cewa baya jin daɗin mutuwar rasha, ya fi so ya juyo daga hanyarsa ya rayu. Matsayi ne da ake iya fita daga cikinsa. Ka kuma rubuta Fitowa 23:7 a gefe ka ja mata layi, inda Allah ya ce ba zan wanke rasha ba, zamu bukace ta in mun isa Romawa.

Akwai wasu uku da suke yawan tafiya tare, zaka same su a jere a Fitowa 34:7 da Zabura 32 da Zabura 51, da kuma Littafin Firistoci 16:21 inda Haruna yake furta su a kan bunsuru. Pesha, H6588, tawaye ne, aikatau ɗinta ne a 2 Sarakuna 1:1 da Mowab ta tayar wa Isra'ila bayan mutuwar Ahab. Hattat, H2403, ita ce aka fi fassarawa zunubi. Awon, H5771, ta fito daga tushen lanƙwasa ko karkacewa, kuma abin lura game da ita shi ne tana iya nufin laifin, da alhakinsa, da hukuncinsa duka, shi yasa maganar Kayinu a Farawa 4:13 wasu suka fassara hukuncina ya fi ƙarfina, wasu kuma laifina ya yi girma.

Kayi hankali kada ka rikita awon da awen, H205, kama da wane bata wane. In an rubuta su da boko kamar 'yan gida ɗaya, amma awon da harafin ayin ta fara, ɗan'uwan ainun na Larabci, awen kuma da alef. Awen ta ƙunshi wahala da ɓarna da kuma wofi, ita ce a cikin masu aikata mugunta ɗin nan da Zabura ke yawan ambata, kuma da ita annabi Yusha'u ya yi wa Betel suna, maimakon gidan Allah ya kira ta Bet-awen saboda ɗan maraƙin da ake bautawa a wurin. Sai beliya'al, H1100, da ake yawan fassarawa 'yan iska ko marasa amfani. 'Ya'yan Eli firist an kira su haka a 1 Sama'ila 2:12, Nabal mijin Abigel ma haka, da mutum biyun da Yezebel ta sa aka kawo su yi wa Nabot shaidar zur a 1 Sarakuna 21 don a ƙwace gonar inabinsa. Ita wannan kalmar tafiya ta yi, a tsoffin rubuce-rubucen Yahudawa na kogunan Kumran da aka fara ganowa a 1947 ta riga ta zama sunan shugaban rundunar duhu, kuma haka Bulus ya yi amfani da ita a 2 Korintiyawa 6:15. Kaga kenan lokacin da aka rubuta aya ma yana cikin lissafi, kada ka ɗauki ma'anar zamanin Bulus ka kai wa 'ya'yan Eli.

Kafin mu haye Helenanci ga gargaɗi, domin a nan ne masu sabon shiga suke zamewa. Zaka ji ana cewa zunubi asalinsa kuskuren bara ne, wato ka auna abu ka kuskure, ana kawo Mahukunta 20:16 inda mayaƙan Biliyaminu 700 bahagwai suke harba majajjawa su sami gashi ɗaya basa kuskure, kuma gaskiya ne tushen kalmar ɗaya ne da hattat. Amma da Dawuda ya ce wa Natan na yi wa Ubangiji zunubi bayan maganar Batsheba da kisan Uriya, ba cewa yake na auna ban samu ba. Tushen kalma yana ba da haske, amma yadda ake amfani da ita ne ke yanke ma'ana. Wani masanin Littafi Mai Tsarki mai suna James Barr ya yi dogon rubutu akan wannan a 1961, ya kuma yi kashedi da wani kuskuren, wato ka kwaso duk ma'anonin da ƙamus ya jera ka jibga su akan aya ɗaya. In ƙamus ya ba ra ma'ana goma, ayarka ɗaya take ɗauka, da ƙyar biyu in marubucin yana wasa da kalma kamar a Yunusa. Ka kuma sani ɗan bayanin da Strong ya sa gajere ne kuma ya tsufa, in shafin yana da ƙamus ɗin Brown, Driver da Briggs na 1906 ka leƙa shi, ya fi rarrabe ma'anoni aya aya.

A Sabon Alkawari manyan biyun su ne kakos, G2556, da poneros, G4190, sunayensu kakiya, G2549, da poneriya, G4189. Kakos tana da faɗi irin na ra. Da maciji ya maƙale wa Bulus a hannu a tsibirin Malta aka ce bai sami wani kakon ba, wato ko ƙwarzane, Li'azaru matalauci a Luka 16:25 ya sha kaka a rayuwarsa, wahalhalu kenan, kuma a Matiyu 6:34 da Yesu ya ce kakiya ta yini ta ishi yinin, ɗawainiyar ranar yake nufi ba zunubin ranar ba. Poneros kuma 'yar'uwar ponos ce, wahala da ciwo, kuma sau da yawa tana ɗauke da mugunta mai cutarwa, mai aiki. Wani malami mai suna Richard Trench a ƙarni na 19 ya bambanta su da cewa kakos zai iya lalacewa shi kaɗai, poneros kuwa sai ya ja wasu sun lalace tare da shi. Bambancin yana da amfani amma kada ka mai da shi doka, gwada shi da kanka, Matiyu 24:48 mugun bawa kakos ne, kuma shi ne mai dukan 'yan'uwansa bayi, Matiyu 25:26 mugun bawa poneros ne, shi kuwa binne kuɗin ubangidansa kawai ya yi, ka ga in da dokar Trench ce da an juya su.

Wuri guda da binciken nan yake biya sosai shi ne maganar ido. Matiyu 6:23 ta ce in idonka poneros ne duk jikinka duhu ne. Ba ciwon ido ake nufi ba, ba kuma idon da ke jifan mutum da cuta ba, salon magana ne na Ibrananci da ya shigo cikin Helenanci. Koma Maimaitawar Shari'a 15:9, an gargaɗi mai hali kada ya ga shekara ta bakwai ta yafe bashi ta kusa sai idonsa ya yi ra ga ɗan'uwansa matalauci ya hana shi rance. Karin Magana 23:6 ta ce kada ka ci abincin mai ra ɗin ido, marowaci kenan, 22:9 kuma mai kyakkyawan ido shi ne mai ba matalauci daga abincinsa. Sai ka dawo Matiyu 6 ka duba maƙwabtan ayar, kafinta tara dukiya, bayanta Allah da dukiya ba'a bauta musu tare. Shikenan magana ta fito, rowa ce da ƙyashi. Matiyu 20:15 ta tabbatar, mai gonar inabi ya biya kowa dinari ɗaya, waɗanda suka wuni suna aiki suka yi gunaguni, ya ce ko idonka poneros ne don ni ina da kirki.

Wani lokacin kuma binciken ba zai yanke maka hukunci ba, zai nuna maka ne cewa ƙofa biyu ce. A Addu'ar Ubangiji, Matiyu 6:13, ka cece mu daga tou ponerou, siffar kalmar a wurin ɗaya ce ko mutum ake nufi ko abu, zata iya zama mugun nan wato Shaiɗan, zata iya zama mugunta gaba ɗaya. Matiyu 13:19 a fili mugun ne yake zuwa ya fizge iri, Romawa 12:9 a fili abu ne, ku ƙi mugunta. Yohanna Kirisostom, malamin ikkilisiya na zamanin da, wanda yake wa'azi da Helenanci, ya ɗauka Iblis ne, ni ma can na fi karkata saboda maganar gwaji da ta zo daf kafinta da kuma yadda Matiyu ya saba amfani da kalmar, amma wanda ya ɗauki ɗayar yana da 2 Timoti 4:18 a bayansa, Ubangiji zai cece ni daga kowane mugun aiki. In kana koyarwa ka faɗi duka biyun sannan ka faɗi inda ka tsaya.

Saura uku masu farawa da a, wadda a Helenanci take nufin babu. Adikiya, G93, rashin adalci, ita ce akan alƙalin nan da gwauruwa ta dama a Luka 18. Anomiya, G458, rashin bin doka ko ƙin doka, 1 Yohanna 3:4 ta ce zunubi shi ne anomiya. Asebeya, G763, rashin tsoron Allah, mai yinta kuma asebes, G765. Romawa 1:18 ta haɗa asebeya da adikiya wuri guda.

Mataki na ƙarshe shi ne gadar da ta haɗa yarukan biyu, kuma yawanci shi ake tsallakewa. Tun a ƙarni na 3 kafin Almasihu Yahudawan Iskandariya ta Masar suka fara juya Attaura zuwa Helenanci, sauran littattafan suka biyo baya, ita ce ake kira Seftuwajint, zaka ga ana taƙaita ta da LXX. Marubutan Sabon Alkawari sun sha ɗauko nassi daga cikinta, don haka kalmominsu na Helenanci suna ɗauke da nauyin Ibrananci. Blue Letter Bible da STEP Bible suna nuna ta. Abinda zaka yi shi ne in ka gama da kalmar Ibrananci ka duba da wace kalma LXX ta juya ta, sannan ka nemi wannan kalmar a Sabon Alkawari. Gwada da Zabura 6:8, ku rabu da ni dukanku masu aikata awen, LXX ta ce anomiya, haka kuma Yesu ya faɗa a Matiyu 7:23, a Luka 13:27 kuma adikiya aka sa, wanda ke nuna maka cewa kalmomin suna shiga gonar juna.

Yanzu ka gwada da rasha. A Zabura 1:1 shawarar resha'im ta zama shawarar asebes, haka a wurare masu yawan gaske. Ishaya 5:23 ta yi kaito ga masu wanke asebes saboda cin hanci. Karin Magana 17:15 ta ce mai wanke rasha da mai kama adali da laifi duk abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ga kuma Fitowa 23:7 da ka ja wa layi. Sai ka buɗe Romawa 4:5 ka taɓa lambobin, Bulus ya kira Allah mai kuɓutar da asebes, mai wanke marar gaskiya, da kalmomin nan guda biyu da Ishaya ya yi kaito a kansu. Bulus Bafarisiye ne, ya san ayoyin nan sarai, ba suɓutar baki ya yi ba. Bayahuden da ya ji wannan a Roma dole ya ce yaya alƙalin duniya duka zai yi abinda ya hana ƙananan alƙalai, kuma amsar da Bulus ya bayar tana Romawa 3:25 da 26, inda ya ce Allah ya miƙa Almasihu hadaya domin ya zama shi mai adalci ne kuma mai kuɓutarwa a lokaci guda, sai 5:6 ta ƙara da cewa Almasihu ya mutu domin asebes. Da Hausa kaɗai zaka iya karanta marasa tsoron Allah a Romawa, mugaye a Zabura, baka taɓa sanin mutum ɗaya ake nufi ba, mai cin bashin nan da baya biya, mai sikelin coge.

Abu ɗaya da zai iya rikita ka wajen wannan matakin shi ne lambobin Zabura. A Baibul na Ibrananci ana ƙirga kan maganar zabura a matsayin aya, shi yasa Zabura 6:8 zaka iya samunta a 6:9, Zabura 51:1 kuma a 51:3. LXX kuma ta haɗe Zabura 9 da 10 suka zama ɗaya, don haka daga nan yawancinsu suna baya da lamba ɗaya, sai a 148 suke sake daidaita. In ka nemi aya ka ga wata magana daban ta fito kada ka ɗauka shafin ne ya lalace, ka ja baya da zabura ɗaya. Zabura 37:21 tana 36:21 a LXX, kuma in ka je zaka tarar a wurin ba asebes aka sa wa rasha ba, hamartolos aka sa, G268, mai zunubi, kalmar da Farisiyawa da malaman Attaura suka yi amfani da ita a Luka 15:2 da suke gunaguni cewa mutumin nan yana karɓar masu zunubi har yana ci tare da su.